Darasin Babbar Ganga



An nemi mu yi magana a kan ɗa'a da aikin ƙasa. Maimakon mu ɗauko ta daga littafi, mun ga ya fi kyau mu ba ku labarin wani kallo da muka je, da irin kunyar da muka kwaso a wurin.

Ran 27 ga watan Mayu, watau Ranar Yara, mun tsaya a gefen filin wata makarantar firamare a Rigasa, inda makarantun unguwa suka taru don gasar maci, kowace da 'yan badujalarta. Kafin hantsi ya dubi ludayi fili ya cika maƙil, har bisa katanga yara ne. Wata makaranta ta shigo da sababbin tufafi. Mai sandarsu yana gaba yana taƙama, ya cilla sanda sama, ya juya, ya cafe. Mata suka rangaɗa guɗa, mu ma muka yi tafi har hannu ya yi zafi. Daga baya wata makaranta ta biyo da koɗaɗɗun riguna, ba cilla sanda, ba wani ado, ta wuce gaban rumfar manyan baƙi shiru-shiru. Da alƙalai suka miƙa wa ta biyun kofi, sai fili ya ɗauki ihu, wai an yi son kai. Muryarmu tana cikin masu ihun.

Wani dattijo, tsohon soja, da ke tsaye kusa da mu shi ne ya kwaɓe mu. Ya tambaye mu ko mun saurari babbar ganga. Muka amsa ba mu kula ba. Ya nuna mana cewa yaron da ke kaɗa ta a makaranta ta farko, da ya ji guɗa, sai zumuɗi ya ɗebe shi, ya riƙa ƙara sauri. Na gaba suka bi shi, na baya suka shiga sassarfa, sahu ya karkace tun kafin a kai rumfa. Mu duk ba mu gani ba, gama idonmu yana sama wajen sanda.

Ga abin da muka koya tun daga ranar. Begila ba ta da maɓallai. Da leɓe kaɗai ake sarrafa ta, muryoyinta kuwa ba su wuce biyar ko shida ba. Saboda haka ƙaramin kuskure ba ya ɓoyuwa. Babbar ganga ita ke riƙe da taki, kimanin 120 a minti ɗaya in maci mai sauri ne, watau taki guda kowane rabin daƙiƙa. Amo kuma yana tafiyar mita 340 ne a daƙiƙa. Wanda ya tsaya nisan mita 85 daga ganga zai ga ƙafa ta sauka, sa'an nan amon ya iso shi bayan rubu'in daƙiƙa, rabin taki ke nan, har ya zaci yara sun saɓa alhali kuwa suna daidai. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a filin fareti mai kallo yana bukatar duka biyu, da sanin inda ya tsaya. Ita sanda, asalin aikinta ba da alama ne, a tashi ko a tsaya ko a juya. Cillawa ado ne aka ƙara.

Wannan kiɗa ba baƙo ba ne a Kaduna. Cikin 1863 John Glover ya kafa a Ikko rundunar da aka riƙa kira Hausawan Glover. Cikin 1897 aka ɗora wa Lugga kafa rundunar Afirka ta Yamma, wadda Hausa ta daɗe tana harshen barikinta, kuma da aka mai da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna cikin 1917 garin ya zama gidan soja. A bariki begila ce ke ta da mutane, ta kira su abinci, ta sallame su barci. Tun kafin haka kakanninmu sun san wannan hikima: tambari da kakaki na sarki ne, kuma talaka ya san abin da suke faɗi. A garin nan aka yi wa Sarauniyar Ingila babban hawa cikin 1956, aka sake wani lokacin FESTAC cikin 1977. Makarantar Horon Hafsoshi, wadda aka buɗe cikin 1964, har yau da fareti take yaye ɗalibanta.

A Amurka ma abin ya zama gasa mai zaman kanta. Ƙungiyar Drum Corps International, wadda aka kafa cikin 1972, tana tara samari da 'yan mata kowane watan Agusta don wasan ƙarshe, maki kuwa bisa 100 ake ba da shi, an rarraba shi tsakanin kiɗa da tafiya da yadda wasan ya ratsa mai kallo. Babu rukunin da ke cin kofi da gwanintar mutum ɗaya.

To, 'yan'uwa, ina ruwanmu da wannan? Ruwanmu shi ne, yawancinmu ba za mu riƙe sanda ba. Za mu zama akawu, ko malamin makaranta, ko malamin asibiti, ko mai duba fayil a ofishin da ba a kai masa ziyara. Babbar ganga za a rataya mana. Ba wanda zai yi mana guɗa don mun iso aiki ƙarfe takwas, ko don takardar fanshon wani tsoho ba ta kwana a teburinmu ba. Amma ranar da muka sauya taki saboda tafi, ko saboda wani ya cusa mana abu a aljihu, waɗanda ke can bayan sahu su ne za su yi tuntuɓe, su ne kuwa irin mutanen da muka tsaya tare da su a Rigasa. Haka kuma in za mu zaɓi shugaba, ko na ƙungiyar nan ko na ƙasa, mu tuna yadda muka yi wa alƙalan gaskiya ihu don mun shagala da sanda.

Muna da roƙo biyu. Na fari, duk wanda ya je kallon maci bana, ya nemi wuri kusa da masu ganga, ya ba kunnensa aiki kafin ya buɗe baki. Na biyu, mun ga ganga da fatarta ta yage an ɗaure da igiya, mun ga yara sun yini a rana ba ruwan sha. Kowannenmu yana da makarantar da ta yaye shi. Fatar ganga da randar ruwa ba su fi ƙarfin aljihun ɗalibai goma ba.

Allah ya daidaita mana taki.