Zare: Abin Da Ya Fi Komai Arha A Jikin Riga

 

Da aka ce in yi magana a kan ɗinki da surfanin zamani, na san akwai masu jiran in fara da inji, tun da shi ne abin da ke ɗaukar ido: kai shida, kai goma sha biyu, allurai na sauka kamar ruwan sama. Ni kuwa a kan zare na zo in yi magana, kuma ga dalilina. A akwatina akwai babbar rigar kakana mai aska takwas, wadda aka yi wa aiki da zaren tsamiya tun kafin a haifi mahaifina. Saƙin ya fara sanyi a kafaɗa, amma aikin yana nan daram. A akwatin nan dai akwai wata shadda da na kai aka yi mini aikin kwamfuta saboda wata Sallah. Wanki biyu ta sha, wuyan ya tattare, launin aikin ya zuba a ƙirji. Telan da ya yi ta ba maha'inci ba ne, kuma injinsa mai tsada ne. Da na tambaye shi wane irin zare ya sa, sai ya ce mini ruwan toka. Launi kaɗai ya sani game da zaren da ya zuba a kan yadin dubban nairori.

Ban ga laifinsa shi kaɗai ba. Mu duka haka muke auna zare yanzu. Ko a bakin magana, idan abu biyu ba su dace ba, sai mu ce zaren ba kalar yadin ba ne, kamar dai kala ce kaɗai ke haɗa zare da yadi.

Iyayenmu na da ba haka suka san shi ba, domin a hannunsu ake haihuwarsa. Na tashi na ga kakata tana gurza auduga a kan dutse da ɗan ƙarfe har iri ya fita, ta shiɓe ta da baka ta yi laushi, sannan ta shafa alli a yatsu ta murza mazari. Tun kafin ta fara kaɗi ta san inda zaren zai je. Idan arafiya ake so, siriri mai tsaurin murɗi, akwai yadda take sakin audugar. Idan abawa ce, mai kauri da sassauci, akwai yadda take yi. Masaƙi ya taɓa zare sau ɗaya ya gaya maka ko zai jure wadari. Mai surfani kuma yana da nasa zaɓin. Akwai tsamiya, silikinmu na gida, da ake samu daga saƙar wasu tsutsotsi masu taruwa a jikin itacen tsamiya da wasu itatuwa. A dafa saƙar da ruwan toka har danƙonta ya saki, a wanke, a kaɗa kamar auduga. Yarbawa na kiransa sanyan. Akwai kuma alharini, jan siliki da fatake ke ratso Sahara da shi daga Tarabulus ta Gadamas har Kano, wanda Bajamushen nan Heinrich Barth ya tarar ana cinikinsa sosai da ya zo Kano a 1851. Malamin da ya zana aska da tambari a kan riga da alƙalami da tawada, da almajirin da ya zauna wata da watanni yana cike zanen, duk sun san halin kowane ɗaya daga cikin zarurrukan nan kamar yadda manomi ya san ƙasar gonarsa.

Da keken ɗinki ya zo duniya, shi ma bai karɓi kowane zare ba. Elias Howe ya yi rajistar kekensa a Amurka a 1846, Isaac Singer ya biyo baya a 1851, amma zaren da ake da shi a lokacin na ɗinkin hannu ne, yana yawan tsinkewa a keke. Sai da masu masaƙun garin Paisley na ƙasar Sikotilan, gidan Clark da gidan Coats, suka fito da zaren auduga mai igiya shida da aka murɗa musamman don keke, sannan abin ya zauna. Haka injin surfani ya bi tasa hanyar, daga na Josué Heilmann a Faransa a 1828, zuwa na Isaak Gröbli a Suwizalan a 1863, har zuwa wajen 1980 da kwamfuta ta karɓi ragamar zane. A kowane mataki sai da aka koma aka gyara zare. Mu kuwa mun karɓi keken Singer da Butterfly, mun karɓi tuwanti-yu, yanzu ga Tajima da Barudan na Japan da takwarorinsu na Sin a shagunanmu, amma ilimin zaren da ya kamata ya biyo su mun bar shi a baya.

Bari mu leƙa cikin keken, domin a nan maganar take. Da hannu, zare ɗaya ne ke bin allura ya ratsa yadi. A keke zare biyu ne, na sama da na kwarkwaron da ke cikin ƙoshiya. Allura ta sauka da zaren sama, da ta fara komawa sai ya yi ɗan lanƙwasa a bayanta, wata ƙugiya ta cafke shi ta zagaya da shi bayan kwarkwaro, sannan ɗan hannun ƙarfen nan da kuke gani yana hawa da sauka a goshin keke ya janye ragowar, ƙulli ya ɗaure a tsakiyar yadi. Ku lura da kyau: domin a zagaya kwarkwaro sai an jawo zare mai tsawo, amma abin da ke zama a cikin ɗinkin bai wuce milimita biyu ko uku ba. Ke nan kowane ɗan yanki na zaren sama sai ya yi kai da kawo ta kafar allura sau talatin ko fiye kafin ya samu wurin zama. A injin kwamfuta mai sukar yadi sau ɗari takwas zuwa dubu a minti ɗaya, allurar har zafi take ɗauka. Zaren da ke da ƙulli-ƙulli a jikinsa, ko mai yawan gashi, ko wanda ya tsufa, ba zai kai labari ba. Yaro ya yi ta zura zare yana tsinkewa, maigida ya kira makaniki, a kwance inji lafiyayye, alhali ciwon yana kan kwarkwaron da aka saya da arha.

Murɗin zare ma yana da alƙibla. Idan ka riƙe zare a tsaye ka dube shi da kyau, za ka ga layukan murɗinsa sun karkata ko dai kamar tsakiyar harafin Z ko kamar na S. Keken ɗinki mai allura ɗaya murɗin Z yake so, domin juyin ƙugiyarsa ƙara matse shi yake yi. Ka sa masa mai murɗin S, irin wanda aka fi yi don aikin hannu, sai ya riƙa warwarewa a bakin allura har ya tsattsage.

Sai lamba. Zaren surfanin inji da aka fi amfani da shi a duniya shi ne lamba 40, ma'ana mita 40 nasa ne ke yin nauyin giram ɗaya. Lamba 60 ta fi shi siranta, ita ta dace da ƙananan haruffa da kuma kwarkwaron ƙasa. Lamba 30 ta fi shi kauri. A wannan lissafi, in lamba ta hau zare ya sirance. Amma akwai wani ma'aunin da ake rubutawa Tex, shi kuma nauyin mita 1000 yake faɗa a giram, don haka in lambarsa ta hau zare ya ƙara kauri, kuma lamba 40 ta farko ita ce wajen Tex 25. Wanda bai san akwai ma'auni biyu ba zai iya sayen kishiyar abin da ya je nema. Allura ma haka: 75/11 na nufin kaurinta milimita 0.75, kuma ita ce abokiyar lamba 40 a yawancin aiki. Ka tura zare mai kauri ta kafar ƙaramar allura, ya goge ya tsinke. Ka sa babbar allura irin 100/16 a kan shadda mai santsi, ta bar huji-huji da guga ba ta rufewa.

Inda na fi so mu daɗe shi ne abin da aka yi zaren da shi, domin nan ne rayuwarmu ta Hausawa ta shigo. Zaren nan mai sheƙi da a kasuwa muke kira siliki, mafi yawansa ba siliki ba ne. Ko dai reyon ne, wanda ake sarrafawa daga ɓargon itace tun bayan da aka gano hanyar yin sa a Ingila a 1892, ko kuma foliyesta, ɗan man fetur, da aka ƙirƙiro a Ingilar a 1941. A ido sun yi kama, a hali sun sha bamban. Reyon ya fi laushi da kyawun sheƙi, yana kwanciya luf a kan yadi, amma ƙarfinsa na raguwa idan ya jiƙe, kuma bilic na cinye launinsa. Foliyesta ya fi ƙarfi, yana jure wanki da bilic, sai dai yana da ɗan talewa, kuma idan wuta ta yi yawa narkewa yake yi. To yanzu ku tuna abin da rigar Bahaushe ke gani a rayuwarta. Mai wanki zai jiƙa ta ya cuɗa, in fara ce wataƙila ya ɗiga bilic, a zuba sitaci, a shanya a ranar Maris. Daga nan ko dai ta tafi wurin masu bugu ta sha taɓarya a kan gungume, ko a ɗora mata dutsen guga na gawayi wanda babu mai iya saita zafinsa. Farar shaddar da za ta riƙa shan bilic, foliyesta ya kamace ta, tare da gargaɗin a goge aikin ta baya ko a shimfiɗa ƙyalle a kai. Rigar ango da za a sa sau biyu a shekara a kuma wanke ta da lallami, reyon zai fi fito da ita. Tela da ya tambayi mai kaya yadda zai riƙa wanke rigarsa kafin ya zaɓi zare, ya yi rabin aikin.

Tsaurin zare, abin da teloli ke kira tenshan, ba zan ja shi da nisa ba, domin ku teloli kun fi ni saninsa. Abu ɗaya kawai: a ɗinki ƙulli a tsakiyar yadi ake so ya ɓuya, amma a surfani so ake zaren sama ya ɗan zagayo baya. Ka juya aikin, in ka ga zaren ƙasa ya ci kashi ɗaya cikin uku a tsakiya, na sama ya ci gefe da gefe, to an daidaita.

Akwai kuma wani sabon ma'aikaci da ya shigo sana'ar nan, wato yaron da ke zaune gaban kwamfuta yana tsara zane. Shi ne ya gaji malamin nan mai alƙalami da tawada, ko ya sani ko bai sani ba. Shi ke yanke yawan sukar allura a kowane wuri da inda zare zai dosa. Da yawansu ba su taɓa riƙe allura ba. Sai a ɗauki aska ko dagi a cika shi da suka har ya yi tauri kamar fatar takalmi, a ɗora a kan yadi mara nauyi ba tare da isasshiyar takardar tallafi a ƙarƙashi ba. Zare ya ja, yadi ya bi shi, wuya ya tattare. Mai aikin hannu yana jin jan zare a yatsunsa ya sassauta nan take. Inji abin da aka rubuta masa kawai yake bi. Shi ya sa nake ganin duk wanda zai tsara zane a kwamfuta ya kamata ya fara yin wata uku yana surfani da hannu. Masu koyar da shi suna nan da ransu. A cikin birnin Zariya, da maza suka karkata ga keke, mata ne a cikin gidaje suka riƙe aikin hannu na babbar riga, haka ma masu ɗinkin hula a Borno da Kano. Ladan da ake ba su bai kai wahalarsu ba, kuma ba a taɓa kiransu malamai ba, alhali ilimin da muke kukan rashinsa yana hannunsu.

Wani ɓangare na matsalar ya fi ƙarfin tela. Masaƙar Kaduna ta farko ta fara aiki a 1957 zamanin Sardauna, ta tsaya a 2002, babbar masaƙar UNTL ta rufe a 2007. Audugar Funtuwa da Gusau da ta ciyar da su ta ja baya. Yau kusan duk zaren da ke kan injinanmu daga waje yake zuwa, kuma sau da yawa za ka ɗauki kwarkwaro a kasuwa ba ka ga lamba ko sunan abin da aka yi shi da shi ba. Ina roƙon 'yan kasuwarmu na Kantin Kwari da sauran wurare su riƙa neman mai rubutu a jiki daga masu kawo musu, ƙungiyoyin teloli kuma su dage a kan haka, tun da su ne masu saye. A shago kuma a daina jera zare a bakin taga don ado. Rana na cin launinsa da ƙarfinsa, ƙurar hunturu na shiga jikinsa ta bi shi har cikin inji. Akwati mai murfi ya wadatar.

Kafin a kai ga samun rubutun, akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. A kan teburin nan na ajiye kwarkwaro huɗu marasa suna, da ashana, da faranti. Ka yanki ɗan zare ka kusanta shi da wuta. Auduga da reyon za su ci kamar takarda su bar toka mai laushi, sai sheƙi ya raba maka su. Foliyesta zai noƙe ya narke ya bar ɗan dunƙule mai tauri da ba ya murƙushewa. Silikin gaskiya kuwa ƙaurin gashi zai yi, tokarsa ta farfashe a yatsa. Ɗayan huɗun tsamiya ce, wata tsohuwa ta kaɗa mini ita. Shugaban zama, in ka ba da izini, ina so ɗaliban da ke layin baya su fara matsowa, huɗu-huɗu, kowa ya gwada ya faɗa mana abin da ya riƙe.