MATASANMU DA RUWAN KOGIN HAƊEJIYA

(Jawabin da Fasto ya gabatar a taron zumuntar matasa na ikkilisiyoyin ƙasar Haɗejiya)

  An ce in yi magana a kan matsalolin matasa da hanyoyin da ke buɗe a gabansu. Batun yana da faɗi, ni kuwa ba masanin tattalin arziki ba ne, makarantar tauhidi na yi. Saboda haka zan tsaya a kan abin da idona ya gani a nan ƙasar Haɗejiya.

Bari in fara da abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kwanakin baya na ɗauko littafin baftisma na ikkilisiyarmu, na bi sunayen yaran da muka yi wa baftisma shekara goma da suka wuce. Mafi yawansu ba sa garin nan. Wasu suna Kano, wasu suna Abuja suna gadi ko leburanci. Waɗanda suka tafi acaɓa Legas sun dawo hannu rabbana sa'ad da aka hana acaɓa a wasu sassan birnin a 2022, suka yi wata biyu a gida, suka sake fita. Akwai guda ɗaya da iyayensa suka ji muryarsa ta ƙarshe daga Agadas, kun kuwa san inda wannan hanya ta nufa. Har yau mahaifiyarsa ba ta kashe wayarta da dare. Mu da ma ba mu da yawa a nan. Babbar ikkilisiya in ta rasa matasa ashirin ba za a gane ba. Mu in muka rasa biyar, ƙungiyar mawaƙa ta mutu ke nan, Makarantar Lahadi kuma ba malami.

Ban ga laifin wanda ya tafi ba. Fiye da rabin 'yan Nijeriya ba su kai shekara 20 ba. Makarantu sun ƙaru, mun gode wa Allah: an kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, an kafa jami'ar jiha ta Kafin Hausa, wadda yanzu ake kira Jami'ar Sule Lamiɗo, a 2013, ga kuma kwalejin kimiyya da fasaha ta Binyaminu Usman a nan cikin gari. Kowace shekara suna yaye ɗalibai. Amma tun da aka kafa Jihar Jigawa a 1991, babban mai ɗaukar aikin albashi shi ne gwamnati, gwamnati kuwa ba za ta iya ɗaukar kowa ba. Ga namu yaran akwai ƙarin tudu guda, wato takardar shaidar asali. An haifi yaro a nan, Hausar Haɗejiya ce a bakinsa, amma domin aikin ɗan sanda ko koyarwa ne ya kawo kakansa daga Filato ko Binuwai, sai a ce ya je ya karɓo takarda a garin da bai taɓa kwana ba. Akwai kuma Hausawa tsantsa waɗanda da an ji sunansu Bulus ko Markus sai a ɗaga kai a sake dubansu. Ba a ko'ina ake haka ba, na ga ma'aikatan da suka yi wa yaranmu adalci ba tare da sun san mu ba. Shugabanninmu za su ci gaba da bin wannan magana a wurin hukuma cikin ladabi. Amma 'ya'yana, kada ku jingina dukan rayuwarku a jikin takardar da ba a hannunku take ba.

Zaman jira yana da haɗari. A watan Oktoba na 2024 tankar mai ta faɗi a Majiya, cikin Ƙaramar Hukumar Taura, a kan hanyarmu ta zuwa Kano. Mutane suka fito da bokiti da jarka kwasar fetur, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasa rayukansu, da yawa cikinsu samari. Wasu sun ce kwaɗayi ne. Ni dai na ce, wanda yake da abin yi gobe da safe ba ya tsayawa cikin fetur da tsakar dare. Haka maganar ƙwaya da maganin tari na kodin da gwamnati ta hana sayarwa barkatai a 2018, da cacar ƙwallo ta waya da ke cinye ɗan abin da kuka samu. Ba zan daɗe a nan ba, kun fi ni sanin su waye.

Yanzu sai mu gangara kogi, domin can maganata take.

Kowa a ɗakin nan ya san kogin a matsayin abokin gaba. Mun ga ambaliyar 2012, da ta 2018, da ta 2020. Ta 2022 kuwa ba wanda zai manta da ita. A faɗin ƙasa ta kashe fiye da mutum 600, Jigawa tana cikin jihohin da suka fi shan wuya. Auyo, Kafin Hausa, Kiri Kasamma, Guri, gonaki sun zama tafki. A cikin gari kuma matasa ne suka kwana suna cika buhuna da ƙasa suna ɗaga jinga. Na ga yaranmu da yaran maƙwabtanmu Musulmi kafaɗa da kafaɗa cikin laka, ba wanda ya tambayi sunan wani. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Yana da kyau ku san dalilin da kogin ya canza hali. Dā can ruwa yakan malalo da damina ya cika fadama, da rani ya janye, ƙasa ta bushe. Manomi ya san lokacinsa, masunci ya san nasa, makiyayi ma haka. Sai aka gina madatsar Tiga a 1974, aka gina ta Challawa a 1992, duka a Jihar Kano. Sun kawo amfani, ba na musu. Amma da ya zama ana sako ruwa rani da damina, magudanai suka daina bushewa, ciyawar kacala ta sami gindin zama. Kacala takan toshe hanyar ruwa, yashi ya taru a gindinta, ruwan da ya kamata ya wuce Gashuwa ya bi kogin Yobe zuwa Tafkin Cadi sai ya tsaya ya faɗa gonakin mutane. A cikinta ne tsuntsaye jan-baki suke kwana kafin su sauka a kan shinkafa, ga sauro, ga tsargiya. To kun ga ambaliyarmu ba ruwan sama ne kaɗai ba, akwai hannun ɗan Adam a ciki, abin da hannu ya ɓata kuwa hannu yana iya rage shi.

Amma wannan ruwa ɗin dai shi ne dukiyar da yawancin garuruwan Arewa suke nema ba su samu ba. A fadamarmu ba sai ka yi zurfin haƙa ba kake cim ma ruwa. Ana noma sau biyu a shekara, wasu har uku: shinkafa, alkama, albasa, tumatir, attaruhu, kankana. A watan Janairu na 2023 aka buɗe aikin ban-ruwa na kwarin Haɗejiya a Auyo bayan an gyara shi da taimakon Bankin Duniya, fili fiye da kadada 5,000. A Nuwamba na wannan shekarar kuma, a nan ƙasarmu Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirinta na noman alkama na rani. Kifin bandar kasuwar Haɗejiya har kudu ake lodinsa. Riɗin da ake nomawa a tudu yana zuwa Japan da Sin da Turkiyya. Zoɓon da muke rainawa, ƙasar Meziko ce babbar mai sayensa. Mutane suna zuwa daga nesa suna cin arziki a nan, ɗanmu kuwa ya sa ƙafa ya tsallake shi ya tafi gadin ƙofar wani.

Na san amsar da ke bakinku: "Baba, ba mu da gona." Gaskiya ne. Mafi yawan iyalanmu ba su gaji fadama ba, ba zan yaudare ku ba. Haya ta yi tsada, taki ya yi tsada, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuwa injin ban-ruwa ya zama mai cin riba kafin a girbe. Amma noma ba riƙe fartanya ba ne kaɗai. Duk injin da ke bakin kogi zai lalace, wa ke gyara shi? Yanzu manoma suna komawa injin sola domin gudun kuɗin fetur, ana bukatar wanda ya iya haɗa shi, ya iya gano cutarsa in ya tsaya. Shinkafa tana bukatar mai turarawa da mai casa. Tumatir yana ruɓewa a kwando lokacin da ya yi yawa, bayan wata uku a neme shi da kuɗi a rasa. Wanda ya iya busar da shi a kan abin shanya mai tsabta, ba a gefen kwalta ba, ya sami sana'a. Haka zoɓo da riɗi: mai fitarwa waje yana neman kaya marar yashi, yana kuma biyan bambancin. Ga ajiya. Kun san labarin Yusufu a Masar, aikin da ya ɗaukaka shi ajiyar hatsi ne da lissafi. Ko kacalar ma, a kwarin kogin Senegal inda ta dame su kamar yadda ta dame mu, sun koyi mai da ita gawayin girki. Duk waɗannan ba sa neman takardar asali. Abin da suke nema shi ne iyawa da riƙon amana.

Akwai wani yaro a ikkilisiyar da na taɓa yi wa hidima, yana da difloma, ya shekara uku yana yawo da fayil. Da ƙyar na shawo kan mahaifinsa ya bar shi ya shiga koyon gyaran inji a wurin wani bakanike Musulmi. Uban ya ce da ni, "Fasto, wato kuɗin makarantar da na biya a banza ke nan?" Na ce a'a, karatun ne zai sa ya riƙa rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Yau manoma ne ke zuwa ƙofarsa da asuba, ɗaya daga cikinsu ma ya ba shi aron kadada ɗaya suna noma suna rabawa. Ba sunansa aka duba ba, an ga ba ya sa tsohon ƙarfe ya ce sabo ne. Wannan shi ne abin da na ce ku riƙe game da jinga. Wanda kuka ɗauki buhu tare da shi cikin laka, shi ne zai ba ka aron gona, in ka zama mutumin da ake iya ba aro. Ƙaramar jama'a irin tamu ba ta da halin zama a tsibiri.

Iyaye, ku yi mini haƙuri, mu ma muna da laifi. Mu ne muka koya wa yaran nan cewa wanda ya yi boko bai kamata laka ta taɓa shi ba. 'Yan matanmu kuma muka bar su da jiran miji, alhali turara shinkafa da kiwon kaji da ɗinki sun riƙe gidaje da yawa a garin nan. Mu fastoci ma haka. Mun iya tara baiko domin fenti da lasifika, amma ban tuna ranar da muka tara domin sayen kayan aiki ga yaron da ya gama koyon sana'a ba. Ni kaina na yi wannan sakaci shekaru da yawa.

Ga roƙona ga majalisar dattawa. Kowace ikkilisiya ta keɓe baikon Lahadi ɗaya a kowane wata uku domin asusun sana'ar matasa. Kada a ba kowa kuɗi a hannu, a sayi kayan aikin a ba shi rance, ya biya bayan girbi domin na bayansa ya samu. Zumuntar mata ta riƙe littafin, gama sun daɗe suna adashi ba mu ji an yi faɗa ba. Wanda zai yi noma a wurin da ruwa ke ci, a ba shi shawara ya sa ƙarfinsa a noman rani, kada ya zuba dukan rancen a shinkafar damina. Za a yi asara wani lokaci, wani ma zai ci amana, mu sani tun yanzu domin kada mu watsar da abin a karon farko.

Ku kuma matasa, sakatare zai zauna a bakin ƙofa da littafi bayan addu'ar rufewa. Kowa ya rubuta sunansa, da abin da ya iya, da abin da yake so ya koya. Wanda ya san mai sana'ar da zai karɓi almajiri, ko cikinmu ko cikin maƙwabtanmu, ya rubuta shi ma. Muna so littafin ya kai gaban dattawa kafin a fara shirin noman rani.

 Ubangiji ya albarkace ku.