Asali da Ƙazafi: Abin da Wani Wasan Turawa Ya Koya Mana



Wataƙila wasunku za su yi mamaki da muka zaɓi wasa ya zama kan maganarmu a yau, wasan ma na mashaya jini. To, a yi mana haƙuri, a ji mu zuwa ƙarshe.

Wasan da muke nufi shi ne Vampire: The Dark Ages, wanda kamfanin White Wolf na Amurka ya fitar a 1996. Ya samo tushe daga Vampire: The Masquerade, wanda Mark Rein-Hagen ya ƙirƙiro a 1991. Yadda ake yinsa kuwa, mutum huɗu ko biyar su zauna a tebur, ɗaya ya zama mai ba da labari, sauran kowa ya ɗauki matsayin wani mashayin jini, ya yi magana da yawunsa. Idan an zo wurin da ake shakkar nasara, sai a jefa ƙwayoyi irin na ludo, masu fuska goma. Labarin yana faruwa ne a Turai, a shekarar 1197.

Cikin tatsuniyar wasan, kakan dukan mashaya jini shi ne Kayinu, wanda muka fi sani da Ƙabilu, ɗan Adam na farko da ya yi kisan kai. Daga jikokinsa aka sami zuriya goma sha uku. Ƙarfin kowa gwargwadon kusancinsa ne da wannan kaka, domin jini yana tsinkewa daga tsatso zuwa tsatso. Bugun da aka sake yi a 2002, wanda ya kai labarin zuwa 1230, ya raba su gida biyu: manyan zuriya shida, irin su Ventrue masu sarauta da Lasombra masu juya manyan coci, da ƙananan zuriya bakwai, irin su Nosferatu munana da Gangrel mazauna daji.

A cikin ƙananan nan akwai Tremere, kuma labarinsu ne ya kawo mu. Su ba jikokin Kayinu ba ne tun farko. Matsafa ne, 'yan Adam, masu tsoron mutuwa. A 1022 suka yi tsafi da jinin da suka ƙwata, suka mai da kansu mashaya jini. Sun sami tsawon rai, amma ba su da asali, kowa kuma yana kiransu 'yan ƙwace. Saboda haka a 1133 shugabansu ya nemo Saulot, kakan zuriyar Salubri, ya same shi cikin dogon barci, ya shanye jininsa har da kurwarsa, ya gaje matsayinsa.

Su Salubri an san su da warkarwa. Suna da ido na uku a goshi, da shi suke yi wa jiki da zuciya magani. Muddin suna raye, shaida ce a kan laifin da aka yi. Sai Tremere suka baza cewa wannan idon na cin kurwa ne. Jama'a, a lura da wannan wuri: wanda ya ci kurwa a zahiri shi ne ya laƙa wa 'ya'yan wanda ya cinye suna masu cin kurwa. Sauran zuriya, wasu suka gaskata, wasu suka yi shiru don suna bukatar tsafin Tremere. Aka yi ta farautar Salubri. A sashen labarin da ya shafi wannan zamani, Tremere sun zama ginshiƙi a majalisar manya, Salubri kuwa an ce bakwai kaɗai suka rage.

Wannan duka ƙirƙira ce, amma ba baƙon abu ba ne a kunnenmu. Wanene a cikinmu bai taɓa jin gidan da aka yi wa ƙazafin maita ba? Ba a auren 'ya'yansu, ba a cin abincinsu, kuma da wuya a tambayi wanda ya fara faɗa, balle a duba abin da ya samu bayan an ƙaurace musu, gona ce ko gado ko sarauta.

Mu da ke wannan ɗaki, wasunmu sun fara riƙe fayil, wasu gobe za su riƙe. Za a kawo mana rahoto a kan mutumin da ba ya nan, ko tarihin gari daga bakin gidan da ya ci nasara. Za a so mu sa hannu kawai. Ba Tremere ne kaɗai suka hallaka Salubri ba, har da waɗanda suka ji suka yi shiru, suka ci amfanin shirun.

Roƙonmu ɗaya ne. Kafin mu sa hannu, mu tambaya: wa ya kawo wannan magana, me zai samu, kuma an ji ta bakin wanda ake zargi?

Allah Ya tsare mu da zama alƙalamin azzalumi.