Jawabi Kan Na'urar Gano Yoyon Gas A Gidaje Da Shaguna

 

Tsadar kalanzir da itace ta sa gidaje da yawa a garin nan sun koma girki da gas. To, jama'a, gas bawa ne mai biyayya, amma in ya tsere daga tukunya ba ya jin kira. A watan Janairu na 2020 wani shagon sayar da gas ya fashe a Sabon Tasha, Kaduna. Cikin waɗanda suka rasu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta Najeriya.

Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, shi ya sa in ya yi yoyo sai ya kwanta a ƙasa. Da zarar ya kai kusan kashi 2 cikin 100 na iskar ɗaki, tartsatsi ɗaya ya isa. Warin da kuke ji zuba masa aka yi don gargaɗi, amma mai barci da mai mura ba sa ji.

Nan ne amfanin na'urar gano yoyo. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 50194 ta shar'anta cewa dole ta yi ƙara kafin gas ya wuce ɗaya cikin biyar na adadin da ke kamawa da wuta. In za ku saya, a nan ko a kasuwar Mubi, ku duba wannan lamba, ku tambayi shaidar amincewar hukumar SON. Ku tabbata ta gas ce, domin mai gano hayaƙi daban take. A kafa ta ƙasa-ƙasa, kamar kamu ɗaya daga daɓe, kada a kai ta rufi. A riƙa danna maɓallin gwaji, a kuma duba ranar ƙarewarta, don hancinta na mutuwa bayan 'yan shekaru.

In ta yi ƙara, kada a taɓa makunnin lantarki, kada a ƙyasta ashana. A rufe kan tukunya, a buɗe ƙofa da taga, a fitar da yara. Tiyo kuwa da ruwan sabulu ake gwada shi. Inda kumfa ya taso, nan ne yoyon.

Masu shagon gas, nauyin nan ya fi hawa kanku, domin ran maƙwabta na hannunku. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyashe mu.