RABUWAR MULKIN BANI ISRA'ILA DA BASASAR KANO: DARASI GA MATASA

Wannan jawabi ne da wani ɗan'uwa ya gabatar ga matasa a Achika, ƙaramar hukumar Wudil. A sha karatu lafiya.

Godiya ta tabbata ga Allah Ta'ala, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzon Allah (S) da alayensa tsarkaka da sahabbansa managarta.

Bayan haka, 'yan uwa, abin da aka ɗora mini in yi magana a kai shi ne yadda mulkin Bani Isra'ila ya rabu biyu bayan wafatin Annabi Sulaiman (AS). Tun farko mu sani cewa wannan labari daga littafin Yahudawa aka samo shi, wato Littafin Sarakuna na Ɗaya, babi na 12. Ƙa'idar malamai a kan irin waɗannan ruwayoyi sananniya ce: wanda ya saɓa wa Alƙur'ani a jefar, wanda bai saɓa ba ana iya ba da shi don ɗaukar izina. Saboda haka inda littafin ya jingina wa Annabi Sulaiman karkata zuwa ga gumaka mun yi watsi da shi, domin aya ta 102 ta Suratul Baƙara ta wanke shi daga kafirci. Mu abin da ya biyo bayansa muke dubawa.

Masana tarihi suna sanya wafatinsa wajen shekara ta 930 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ɗansa Rehobowam ya tafi garin Shekem don ƙabilu su yi masa mubaya'a. Sai ƙabilun arewa suka zo masa da kuka, a ƙarƙashin wani mutum Yerobowam, suka ce haraji da aikin gayyar fada sun yi musu nauyi, ya rage musu, su kuma su bi shi. Ku lura, ba tawaye suka zo yi ba. Kuka suka kawo.

Rehobowam ya ce a ba shi kwana uku. Ya tambayi dattawan da suka zauna da mahaifinsa, suka ce ya tausasa, ya yi wa mutane magana mai daɗi, zai mallake su har abada. Sai ya juya ga samarin da suka tashi tare, su kuma suka ce ya nuna musu shi namiji ne. Ya bar shawarar dattawa ya ɗauki ta samari, ya fito ya gaya wa jama'a cewa nauyin ƙaruwa ma zai yi. Nan take ƙabilu goma suka juya masa baya, aka bar shi da Yahuza da Biliyaminu. Bai ma gane abin da ya faru ba, sai ya tura musu Adoram, wato shugaban aikin gayyar da suke kuka da shi. Suka jefe shi har lahira, sarki kuma ya hau karusa ya gudu Ƙudus.

To, su waɗanda suka ɓalle fa, sun tsira? Yerobowam ya zama sarkin arewa, sai tsoro ya kama shi: in mutane suka ci gaba da zuwa ibada Ƙudus, wata rana zukatansu za su koma can. Sai ya ƙera maruƙa biyu na zinariya, ɗaya a Betel ɗaya a Dan, ya naɗa nasa malaman, ya sa nasa idin. Wato abin da Samiri ya yi a zamanin Annabi Musa (AS), shi ya sake dawo da shi. Mutumin da ya fito da sunan neman adalci, ga shi ya taɓa tauhidi don kujera.

Shekara biyar ba ta cika ba Fir'auna Shishak na Masar ya shigo ya kwashe dukiyar masallacin Ƙudus. Arewa kuma ta shiga juyin mulki, har akwai sarkin da ya yi kwana bakwai kacal, Zimri. A 722 kafin haihuwar Annabi Isa Assuriyawa suka share daular arewa, a 586 kuma Bukhtanassar na Babila ya rushe Ƙudus.

Kada wani ya ce ai wannan labarin Yahudawa ne. Mu waiwayo gida, domin irinsa ya faru a wannan ƙasa tamu, kuma garuruwan da zan ambata duk mun san hanyarsu.

Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi da Sarki Muhammadu Bello 'yan'uwan juna ne, dukkansu 'ya'yan Ibrahim Dabo. Da Bello ya gaji Abdullahi, sai ya riƙa tuɓe 'ya'yan Abdullahi da mutanensu daga sarautu, yana share wa ɗansa Tukur hanya. Ciwon ya daɗe yana ruruwa. Da Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya ba da umarnin a naɗa Tukur, Waziri Buhari ya zartar, alhali jama'a da yawa sun karkata ga Yusufu ɗan Abdullahi. Ba a tsaya an saurari kowa ba. Yusufu da 'yan'uwansa suka fice daga birni suka yi sansani a Takai. Daga nan aka shiga Basasa, Tukurawa da Yusufawa, jikokin mutum ɗaya.

Yusufu bai ga ƙarshenta ba, ya rasu a Garko, nan kusa da mu, a 1894. Ɗan'uwansa Aliyu Babba, wato Alu, ya karɓi tuta, ya shiga Kano a wannan shekarar. Tukur ya fice zuwa ƙasar Katsina, aka bi shi, ya rasa ransa a 1895. A tsakanin nan an ƙone garuruwa, an kashe Musulmi, an kama 'ya'yan Musulmi an sayar da su bayi, a daular da Shehu Usmanu ya kafa don kawar da zalunci. Kuma su wane ne suka riƙe masu da takubba? Samari ne kamarmu, 'ya'yan talakawan ƙauyuka, waɗanda ko sunansu tarihi bai riƙe ba.

Alu ya ci sarauta, amma bai huta ba. Damagaram ta kawo wa ƙasar Kano hari. Shekara takwas bayan Basasa, a Fabrairun 1903, Nasara suka ci Kano yana Sakkwato. An kama shi, ya ƙare rayuwarsa a Lakwaja a 1926. Gaskiya ne Nasara sun zo da makaman da babu irinsu a nan. Amma sun tarar da gidan da amana ta riga ta lalace tsakanin Kano da Sakkwato, da kuma tsakanin 'yan ɗaki ɗaya. Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

'Yan uwa, a labaran nan biyu ɓaraka ta fara ne daga kukan da aka kawo aka ƙi saurara. Kuma mu matasa muna da hannu a wuri biyu.

Na farko, idan kana kusa da wanda aka ɗora wa nauyi a da'ira, ka ji tsoron Allah a kan abin da kake zuba masa a kunne. Ɗan'uwa ya ce aikin ya yi masa yawa, ko an ware shi, ko bai gane inda kuɗin gudummawa suka shiga ba, sai ka ji wani ya ce: “Ƙyale shi, imaninsa ne ya yi rauni.” Wallahi wannan ita ce shawarar samarin Rehobowam. Allah Ta'ala Ya gaya wa Manzo (S) da kansa, a aya ta 159 ta Ali Imrana, cewa da ya kasance mai kaushin hali da mutane sun watse sun bar shi, kuma a ayar ce Ya umarce shi da shawara. In Manzo ne aka gaya wa haka, ni da kai su wane ne? Tsanani yana da muhallinsa, amma ƙirjin ɗan'uwanka ba muhallinsa ba ne.

Na biyu, idan kai ne aka zalunta, ka faɗi kukanka a fuskar wanda ya dace, ka sake faɗa, ka nemi dattijo ya shiga tsakani. Kada ka ware ka tara mutane, domin wanda ya ware dole ya nemi abin da zai hana mabiyansa komawa. Yau zai ce kada a je karatun wancan, gobe kada a bi shi salla, jibi ya ƙirƙiro fatawa. Yerobowam ma ba da ɗan maraƙi ya fara ba.

Saboda haka kowa ya duba kansa kafin Juma'a mai zuwa. In akwai ɗan'uwan da ya daina zuwa zama ba a san dalili ba, ku taka ku je gidansa, ku ji daga bakinsa kafin ku yanke masa hukunci.

Allah Ya haɗa kanmu a kan gaskiya, Ya jiƙan magabatanmu, Ya tsare mu daga son zuciya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.