Idan Tsoron Mara Lafiya Gaskiya Ne, Me Mai Ba da Shawara Zai Yi?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurari muryar ba. Daga Batagarawa nake magana, kamar kullum.

Maganar yau ta fi shafar masu aikin ne: ma'aikatan jinya na ɓangaren ƙwaƙwalwa, masu ba ɗalibai shawara a manyan makarantunmu, da 'yan sa-kai da ake yi wa horon 'yan kwanaki a ce su je su taimaki 'yan gudun hijira. Amma sauran jama'a kar ku tashi, domin da wuya a samu gida a jihar nan da ba shi da wanda abin ya taɓa.

Duk wanda ya halarci irin wannan horo ya ji sunan CBT. Hanya ce ta magani da baki, ba allura ba ƙwaya, wadda wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Aaron Beck, ya assasa a shekarun 1960. Gundarinta shi ne: abin da ka faɗa wa kanka game da wani lamari, shi ke juya yadda zuciyarka za ta ji da abin da za ka aikata. Mai baƙin ciki yana ce wa kansa "ba ni da amfani", sai ya kulle kansa a ɗaki, kullewar ta ƙara tabbatar masa da maganar. Aikin mai ba da shawara shi ne su zauna tare su bincika wannan tunani, ya yi daidai da zahiri ko ya wuce gona da iri, sannan a gwada wani sabon aiki a ga sakamako. Kuma tana aiki, an gwada ta a ƙasashe da dama.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Yawancin misalan da ake koyar da ita da su, na mutumin da tsoronsa ya fi haɗarin girma ne. Wanda ke tsoron shiga taro, wanda ke ganin kowa na yi masa dariya. Mu kuwa wanda zai zauna a gabanka mace ce da ta baro ƙauyensu a Batsari ko Jibiya ko Safana da goyo a baya, tana ce maka "za su dawo". Ka ce mata me? Tunaninki ya karkace? Ai sun dawo ɗin, ba sau ɗaya ba. A Disambar 2020 ɗalibai sama da 300 aka kwashe daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a dare guda. Wanda ya ce wa uban ɗaya daga cikin yaran nan tsoronsa ba shi da tushe, wallahi shi ne ke buƙatar a bincika tunaninsa.

Saboda haka gwaninta ta farko, wadda ni a ganina ita ke raba ƙwararre da mai haddar littafi, ita ce iya tsaga tsoro gida biyu. Akwai ɓangaren da yake gaskiya, wannan ba a jayayya da shi, shiri ake yi masa: ina za a kwana, wa za a kira, ta wace hanya za a bi, yara sun san inda za a haɗu idan an watse? Sannan akwai ɓangaren da ya malalo ya cika wuraren da babu haɗari. Wannan shi ake yi wa aiki.

Ku ɗauki ƙarar babur. A ƙauyensu, ƙarar babura da yawa da yamma tana nufin a gudu, kuma jikinta ya koyi darasin da kyau, shi ya cece ta. Yanzu tana zaune a unguwa cikin gari, ɗan acaɓa ya wuce da rana tsaka ɗauke da buhun masara, gabanta ya faɗi, gwiwa ta saki, ta kasa zuwa ko ɗibar ruwa. Masana biyu a Ingila, Anke Ehlers da David Clark, sun yi fice a kan wannan matsala, kuma cikin dabarunsu akwai koya wa mutum bambance "wancan lokaci" da "yanzu". Ba ce mata za ka yi "ki kwantar da hankalinki" ba. Tambaya za ka yi. Ran nan babura nawa ne? Mutum nawa a kan kowane? Me suke riƙe da shi? Wannan na yanzu fa, shi kaɗai ne ko da rakiya? Mutanen da ke bakin titi sun gudu ko suna ci gaba da ciniki? Ta faɗa da bakinta, a maimaita, da farko daga cikin ɗaki ana jin ƙarar daga nesa, daga baya a ƙofar gida, a hankali har bakin titi. Abin da ake so jikinta ya koya ba wai "babur ba shi da haɗari" ba ne, wannan ƙarya ce. Ana so ya koyi cewa wannan babur ɗin, a nan, yanzu, ba wancan ba ne.

Kuma a kula, don Allah. Dabarar tunkarar abin tsoro ana yin ta ne da abin da ba shi da haɗari. Kar wani ya ɗauki darasi ya ce wa manomi ya koma gonarsa ta bakin daji don ya gwada ko tsoronsa gaskiya ne. Ba gwaji ba ne wannan, jefa rai ne.

Wanda ya fi tsoro nauyi kuwa, kuma ba a cika faɗarsa a zaman farko ba, shi ne zargin kai. "Da ban gudu ba da ban bar shi ba." "Ni na aike shi gona ran nan." Mu kuma da an faɗi haka sai mu yi caraf mu ce a'a, ƙaddara ce, ki yi haƙuri. Maganar gaskiya ce, amma ta ji ta sau ɗari daga dangi, ba ta cire komai ba, sai ma ta koya mata yin shiru. Gwani ba ya gaggawar lallashi. Zai tambaye ta: a safiyar da kika aike shi, me kika sani? Ba abin da kika sani yanzu ba, a lokacin. Sau nawa kika aike shi gonar nan a baya ya dawo lafiya? Da ƙanwarki ce ta yi abin da kika yi, ta zo miki da kuka, me za ki ce mata? A littattafai ana zana da'ira a raba alhakin abin da ya faru kashi-kashi. Mu ba sai mun zana ba, a ɗebo tsakuwa goma a zube a tabarma. A fara da wanda ya harba bindigar, nawa ne nasa? Wanda ya kai rahoton garin fa? Rashin tsaro a hanyar fa? Nata a bar shi ƙarshe. Sau tari kafin a zo kanta tsakuwar ta kusa ƙarewa, kuma ita ta raba da hannunta, ba kai ka yi mata wa'azi ba.

Na ce wa'azi, bari in tsaya a nan kaɗan. Mu mutane ne masu son nasiha. Da an ba mutum kujera da tebur, sai ya ɗauka aikinsa ya yi magana, na gabansa ya saurara. Shi kuma mara lafiya an tarbiyyantar da shi da kara da kunya, duk abin da ka ce sai ya ce "to likita", "haka ne ranka ya daɗe", "in sha Allahu zan yi". Ka tashi kana murna zaman ya yi kyau, alhali ko kalma ɗaya ba ta shiga ba. Wannan "to" ɗin ita ce babbar yaudara a ɗakin shawara a ƙasar Hausa.

Nan ne ake gane matsalar aikin gida. CBT ba ta tafiya sai da aikin da mutum zai yi tsakanin zama da zama, kuma a asali takarda ce mai layi-layi, ka rubuta abin da ya faru, tunanin da ya zo, yadda ka ji. Wa za ka ba wannan? Dattijuwar da ba ta yi boko ba? Matar da ke kwana ɗaki ɗaya da mutum tara, ina za ta ɓoye takardar da ta rubuta sirrinta? Mako ya zagayo ba a yi ba, sai ma'aikaci ya rubuta a fayil wai mara lafiya ba ya ba da haɗin kai. Ba gaskiya ba ne. Aikin ne ba a ɗinka shi daidai jikinsa ba.

Mafita a nan tana da sauƙi, sai dai tana son haƙuri. Aikin ya zama ƙarami, guda ɗaya. A fara gwada shi tare a cikin zaman kafin a tashi. A ɗaura shi a jikin abin da mutum ba ya fashinsa, misali numfashi a hankali na minti biyar bayan la'asar, ko leƙa maƙwabciya bayan an sauke tuwo. Mai ajami ya rubuta da ajami, mai waya ya ɗauki muryarsa. Kuma maimakon "za ka yi?", wadda amsarta kullum "to" ce, ka ce: cikin goma, nawa ka ba kanka cewa za ka iya? In ya ce biyar, a rage aikin har ya kai bakwai ko takwas. In ya dawo bai yi ba, ba faɗa, a tambayi me ya tare hanya, domin abin da ya hana shi yin aikin sau da yawa shi ne ainihin ciwon.

Kar ku ɗauka mu muka fara fuskantar wannan. A ƙauyukan Rawalfindi na Pakistan, Farfesa Atif Rahman da abokan aikinsa sun horar da mata ma'aikatan lafiya na unguwa su yi CBT da masu juna biyu ta hanyar hotuna, aka buga sakamakon a 2008, daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta rungumi tsarin. A Zimbabuwe Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibiti suna sauraron mutane, kuma ciwon da suke magana a kai, a harshen Shona ma'anar sunansa yawan tunani. Mu ma ai haka muke cewa. Da wuya Bahaushe ya ce maka yana da ciwon damuwa. Zai ce tunani ya yi masa yawa, kansa na ɗaukar zafi, wani abu na yawo a jikinsa, barci ya ƙaurace. Ka fara daga kalmarsa, ba daga ta littafinka ba. Hukumar Lafiya ta Duniyar ma ta fitar da wani tsari a 2016 mai zama biyar kacal, na waɗanda ke rayuwa cikin tashin hankali, wanda ba sai likita ne zai gudanar ba. A ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, irin wannan ne abin da hannunmu zai kai.

Sai batun da kowa ke jira: idan ya ce aljanu ne, ko sammu aka yi masa fa? Ra'ayina, kar ka buɗe muhawara. Ka kayar da shi a gardama, ka rasa shi a zama na biyu. Ba kuma sai ka yi ƙaryar ka yarda da fassararsa ba. Ka ce masa addu'arsa ya ci gaba da ita, ku kuma ku duba abin da ke faruwa a jikinsa daidai lokacin da abin ya taso: bugun zuciya, numfashi sama-sama, jiri. Ku gwada sassauta numfashin tare, a ga ko abin zai lafa. In ya lafa, ya samu makami a hannunsa, ko da sunan da ya ba ciwon bai canza ba. Inda ba a sassauci shi ne duka, ɗauri da mari, da hana shan magani. A Oktobar 2019 duk mun ga mutanen da 'yan sanda suka fito da su daga gidajen mari a Daura da nan cikin Katsina. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta zo ne don kare haƙƙin irin waɗannan mutane. Haka kuma mai jin muryoyi, ko mai faɗuwa yana shure-shure, ko wanda ya yi kwanaki ba barci yana surutai, wannan ya wuce zaman shawara, a kai shi asibiti, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Katsina ko na ƙwaƙwalwa a Kaduna ko Kware.

Matasa 'yan ƙwaya kuwa shiri guda suke buƙata, zan taɓa kaɗan ne. Wanda aka jawo shi da ƙarfi bai zo neman canji ba. Lissafa masa illar tiramol ɓata lokaci ne, ya fi ka saninta. Ka tambaye shi abin da take yi masa na daɗi, ka saurara da gaske, sannan ka tambayi abin da ta ci masa. Maganar bari ta fito daga bakinsa. In ya koma sha bayan wata biyu, ba a koma farko ba, a bi sawun ranar: wace majalisa, wane lokaci, bayan wane ɓacin rai.

Abu ɗaya da nake roƙon kowane mai wannan aiki ya cire wa kunya: tambaya kan kashe kai. Tambayar ba ta dasa tunanin a zuciyar mutum, bincike ya nuna haka. Amma a nan mutane na ɓoyewa saboda tsoron zunubi, da abin kunya ga dangi, ga kuma sashe na 231 na dokar Penal Code da ya daɗe yana ɗaukar yunƙurin a matsayin laifi. Don haka ba zai faɗa ba sai an tambaye shi, a fili, cikin taushin murya. In ya ce eh, kar a bar shi shi kaɗai, a sa wani amintacce na gida a ciki, maganin feshi na gona da na ƙwari a kulle su nesa da shi, a haɗa shi da likita a ranar, ba mako mai zuwa ba.

Ku kuma ƙungiyoyin da ke ba da horon, takardar shaida da hoton rufe taro ba su isa ba. Ɗan sa-kai da ke jin labarin kisa da fyaɗe sau biyar a yini, wataƙila shi ma ƙauyensu aka tasa, yana buƙatar wani babba a aikin da zai zauna da shi ko sau biyu a wata, ko ta waya ce, su bi matsalolin da suka gagare shi ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ambaton sunan kowa ba. Ku sa kuɗin wannan a kasafinku tun farko, kamar yadda kuke sa na abinci da na ɗakin taro.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu zauna kan batun matasa da ƙwaya. Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasa, amma kar a rubuta sunan mara lafiya ko garinsu. Sai mun haɗu.