Sandar Fatsa Ɗaya Tak: Wacce Za Ka Saya?

Gaisuwa ga mutanenmu na Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, da kuma waɗanda data ba ta isarsu sauraro, suke jira sai an rubuto musu.

Yau maganar fatsa za mu yi. E, fatsa dai ta kamun kifi. Dalili kuwa, samari da yawa suna kallon bidiyon mutanen Amurka a TikTok da YouTube, mutum a cikin jirgin ruwa mai sheƙi, sanduna goma a jere, yana jefa kifin roba yana zaro wani kifi da suke kira bas. Sai yaro ya ɗauki kuɗin da ya tara na wata uku, ya yi oda, kaya su iso, ya tafi bakin dam ɗin Muhammadu Ayuba ya wuni, ya dawo da ƙishirwa kawai. Daga nan sanda ta koma bayan ƙofa.

To abu na farko, bas ba kifin ruwanmu ba ne. Abin da ka fi samu a dam da tafkunanmu shi ne karfasa da tarwaɗa, sai kurungu nan da can. Masu sanduna goma ɗin nan kuwa, kowane irin kifin ƙarya da suke jefawa da sandarsa. Kai da kuɗin guda ɗaya gare ka, tambayarka daban ce: wace sanda ce za ta ɗauki tana da safe, ta ɗauki hanjin kaza da daddare, kuma ranar da ka samu kifin roba ta iya jefa shi?

Abu uku ake dubawa: tsayi, ƙarfi, da kuma inda sandar take lanƙwasa.

Tsayi ba shi da dogon bayani. Ƙafa 7, wato wajen mita 2.1. Su kansu masu kamun bas, in ka ce su zaɓi guda ɗaya, yawanci nan suke tsayawa. Wadda ta gaza haka ba ta jifa da nisa, kai kuwa a bakin gaɓa kake, ba ka da jirgi. Wadda ta zarce sosai kuma ta dame ka a cikin ciyayi da ƙaya.

Ƙarfi kuma a rubuce yake a jikin sandar, ɗan sama da mariƙi. Za ka ga harafi: L mai laushi ce, M matsakaiciya, MH ta ɗan fi ƙarfi, H kuwa gabjejiya. A gefe akwai lambobin nauyin abin da za ta iya jefawa, misali giram 7 zuwa 21. Lambobin nan ba ado ba ne. Ka rataya mata dalmar da ta fi haka nauyi ka wurga da ƙarfi, sai ka ji ƙas, kan ya tafi. Ka sa mata abin da bai kai ba, ba za ta lanƙwasa ta cilla shi ba, a gabanka zai faɗi.

A bidiyo za ka ji ana ta yabon MH. Ni dai a ruwanmu M nake ba da shawara, kuma ga hujjata. Karfasa bakinta ƙarami ne, cinta kuma na yanga ne, ta ɗan taɓa ta saki, ta ɗan taɓa ta saki. Da sanda mai tauri ba za ka ma san ta zo ba, sai dai ka ɗago ka tarar ta cinye tanar ta bar maka ƙugiya tsirara. Tarwaɗa kuma akasin haka take. A ƙasa take kiwo cikin laka, da ƙamshi take neman abinci, ta fi fitowa in duhu ya yi, kuma in ta ji ƙugiya sai ta nufi saiwa ko ciyawa ta nannaɗe. Sanda mai laushi ba za ta juyo da ita ba. M ce take tsakiya: ta ji taɓawar karfasa, ta kuma riƙe tarwaɗa mai kilo 2 ko 3 in kana da haƙuri. In ka san tarwaɗa kaɗai kake bi, musamman manya, to sai ka hau MH.

Na ukun shi ne wanda ba a cika ganewa ba. Ka dafa kan sandar a ƙasa a hankali, ka duba daga ina ta fara lanƙwasa. Wata can kusa da kai kawai take lanƙwasa, sauran jikin a miƙe. Wata kuwa tun daga tsakiya take yin baka. Me ya sa wannan ya dame mu? Saboda ƙugiya iri biyu ce. Mai baki ɗaya, wadda kake sa wa tana ko gara ko fara, sai ka fizga da ƙarfi kafin ta shiga bakin kifi, don haka tana son sanda mai ƙashin baya. Kifin roba da cokalin ƙarfe mai walƙiya kuwa yawanci ƙugiya mai baki uku gare su, ƙanana, ba sa shiga da zurfi. In sanda ta yi tauri, kifi na girgiza kai sai ƙugiyar ta yage fatar bakin ya tsere. Mai son sanda ɗaya ta yi duka biyun sai ya nemi wadda kashi ɗaya cikin uku na samanta yake lanƙwasa da sauƙi, gindin kuma ya tsaya da ƙarfi. Ba za ta yi fice a ko wanne ba, ka gane, amma ba za ta kunyata ka ba.

Bari in ɗan tsaya a kan kifin robar nan. An yi shi ne don kifi mai farauta, wanda yake bin abin da ke motsi. A ƙasar nan su ne giwan ruwa, wanda ake tinƙaho da shi a bikin Argungu, da tsage mai haƙora, irin na manyan ruwaye kamar Kainji. Tarwaɗa takan kai masa cafka wani lokaci, amma wallahi in abin miya kake nema, tanar da ka tono a bayan gida kyauta ta fi shi aiki. Kada ka cika leda da su. Biyu sun isa gwaji.

Sai abin da aka ƙera sandar da shi. Akwai girafait, mara nauyi, tana isar da motsi har tafin hannu, amma ba ta son bugu, kuma tana jan lantarki, don haka in hadari ya taso ko kana ƙarƙashin wayar wuta, ka kwantar da ita. Akwai faiba, ta fi nauyi amma tana jure wahala. Wanda zai ɗaure sanda a bayan mashin ya bi hanyar ƙauye, faiba ko haɗin biyun ya fi masa. Ka nemi mai gaɓa biyu da ake haɗawa. Mai shigewa cikin juna kamar eriyar rediyo tana da daɗin ɗauka, sai dai da yashi ya shiga gaɓoɓinta ta fara cijewa.

Injin naɗe zare kuma, ka ɗauki wanda yake rataye a ƙarƙashin sanda. Na saman nan da kake gani a bidiyo, in ba ka saba ba, jifa ɗaya zare zai cukurkuɗe kamar sheƙar tsuntsu. Kafin ka biya kuɗi, ka zura ɗan auduga cikin zobban da zare yake bi. In ta maƙale, akwai tsaga, kuma tsagar nan ita za ta yanke maka zare ranar babban kamu.

Wanda kuma ba shi da ko sisi, kada bidiyo ya sa ya raina gora. Sandar gora, zaren nailan, totuwa a matsayin abin da zai yi yawo a saman ruwa, da ƙaramar ƙugiya, sun ishe ka karfasa a kududdufin da damina ta cika. Abin da sandar kanti ta fi ta da shi nisan jifa ne da kuma zaren da za ka saki in babba ya ja.

Ko wacce ka riƙa, ka fara gaida masuntan wurin, ka tambayi Sarkin Ruwa inda aka yarda a yi su. Sun san ramin tarwaɗa, sun kuma san inda ruwa yake cin mutum.

A shiri na gaba za mu yi maganar zare da girman ƙugiya. Sai mun haɗu, wassalamu alaikum.